Abu Zaid al-Balkhi: Magatakardan da ya haɗa jinyar jiki da ta zuciya

A cikin watan Zulƙida na shekarar 322 bayan Hijira, wato Oktoban 934, wani dattijo ya rasu a ƙauyen Shamistiyan da ke kusa da birnin Balkh, a arewacin Afganistan ta yau. Mutanen zamaninsa sun san shi da koyarwa, da daɗin alƙalami, da zana taswirar ƙasashe, sun kuma san ya taɓa zama magatakardan gwamna. Sai da aka shafe sama da shekara 1,000 kafin masana su waiwayi wani littafinsa da ya daɗe a ajiye a ɗakin karatu na Ayasofya da ke Istanbul, su tarar cewa ya yi bayani dalla-dalla a kan abin da likitocin yau suke nanatawa: ciwon jiki yana raunana tunani, damuwar zuciya kuma tana iya kwantar da jiki, don haka wanda ya yi jinyar ɗaya ya manta da ɗayan bai gama aiki ba. Sunan wannan dattijo Abu Zaid Ahmad ɗan Sahl al-Balkhi.

Daga ƙauye zuwa Bagadaza

An haife shi a wajejen shekarar 850. Mahaifinsa mutumin Sijistan ne, malamin makarantar yara, saboda haka Abu Zaid ya buɗe ido a gidan da allo da tawada suka fi dukiya yawa. Balkh a lokacin babban birni ne na Khurasan, mahaɗar fatake da malamai, har ana yi mata kirari da uwar birane. Duk da haka saurayin bai ga abin da yake nema a gida ba. Ya bi ayarin maniyyata aikin Hajji, a ƙafa, ya nufi Iraƙi da niyyar zurfafa bincike a kan aƙidar Imamiyya, wadda zuciyarsa ta karkata gare ta a lokacin.

Shekara 8 ya yi a can, kuma abin da ya samu ya wuce abin da ya fita nema. Ya zauna gaban Abu Yusuf Yaƙub al-Kindi, wanda ake kira masanin falsafar Larabawa, a ƙarshen rayuwar malamin. Ya karanci falsafa da ilimin taurari da ilimin halittu da likitanci, tare da ilimin addini. Shi kansa al-Kindi yana da wata risala a kan dabarun kore baƙin ciki, inda ya nuna cewa tunani mai kyau yana iya rage raɗaɗin rashi. Irin da malamin ya shuka ke nan, ɗalibin kuma ya rene shi har ya yi 'ya'ya.

Da ya koma Balkh sai ya kama sana'ar mahaifinsa, ya zauna yana koyarwa yana rubutu. Yaƙut al-Hamawi, wanda ya tattara tarihin marubuta, ya siffanta shi da cewa siriri ne, matsakaicin tsawo, mai manyan idanu, da tabon agana a fuska, mai yawan shiru da kwarjini. Idan ya ɗauki alƙalami kuwa sai shirun ya kau. Ƙwarewarsa a zube ta sa aka yi masa laƙabi da Jahiz na Khurasan, ana kwatanta shi da shahararren marubucin nan na Basra. Ibn al-Nadim ya lissafa littattafansa sama da 40 a cikin al-Fihrist, daga tafsiri da siyasa zuwa harshe da tarihi. Mafi yawansu sun salwanta, sunayensu kawai suka rage.

Alƙalami da abin hannun manya

Malamin wancan zamani ba shi da albashin hukuma. Yana rayuwa ne da kyautar manya, kuma kyautar tana tafiya da sharaɗin da ba a faɗa. Abu Zaid ya ɗanɗana wannan har sau biyu. Husaini ɗan Ali al-Marwarrudhi, wani babban kwamandan soja, shi da ɗan'uwansa Su'uluk, sun kasance suna aiko masa da alheri a kai a kai. Da ya rubuta littafi a kan yadda ake tawilin nassi, abin da ya faɗa bai yi musu daɗi ba, sai suka janye hannunsu. Haka al-Jaihani, ɗaya daga cikin manyan daular Samaniyawa, shi ma ya yanke nasa tallafin bayan wani littafi da Abu Zaid ya yi a kan hadaya da yanka. A duka lokutan biyu ya gwammace ya rasa kuɗin da ya sauya abin da ya rubuta. Wasu kuma sun zarge shi da karkacewar aƙida saboda karatunsa na falsafa, alhali littafinsa a kan tsarin Alƙur'ani yana cikin waɗanda malamai suka yaba.

A shekarar 918 wani jarumi mai suna Ahmad ɗan Sahl al-Marwazi ya karɓi ragamar Balkh. Sunansa da na mahaifinsa sun zo ɗaya da na malamin. Gwamnan ya nemi Abu Zaid ya zama wazirinsa, ya ƙi. Ya yarda da muƙamin magatakarda, mai rubuta wasiƙun fada, waziranci kuma ya faɗa hannun abokinsa Abul Ƙasim al-Ka'abi, fitaccen malamin ilimin kalam. Yaƙut ya ruwaito cewa albashin waziri dirhami 1,000 ne, na magatakarda 500, kuma al-Ka'abi yakan umurci ma'aji ya cire 100 daga nasa ya ƙara wa abokinsa.

Zaman bai yi tsawo ba. Gwamnan ya yi wa sarkin Samaniyawa, Nasru ɗan Ahmad, tawaye, aka ci shi da yaƙi, aka kai shi Bukhara a ɗaure, ya mutu a kurkuku a shekarar 920. Cikin ƙasa da shekara biyu Abu Zaid ya ga yadda mulki yake hawa da yadda yake faɗuwa, ya kuma ga abin da fushi da fargaba suke yi wa masu riƙe da shi da waɗanda ke kewaye da su. Wanda ya karanta abin da ya rubuta a kan fushin shugabanni zai ji muryar mutumin da ya san fada daga ciki.

Littafin da ya rage

Sunan littafin Masalihul Abdani wal Anfus, ma'ana abubuwan da ke gyara jikuna da rayuka. Kashi biyu ne. Na farko yana da babi 14 a kan kiwon jiki: wurin zama da ruwa da iska, tufafi, abinci da abin sha, ƙamshi, barci, wanka, motsa jiki, sauraron sauti mai daɗi, da yadda ake dawo da lafiya idan ta gushe. Na biyu yana da babi 8 a kan kiwon rai. Haɗa su a cikin littafi ɗaya shi ne sabon abin da ya zo da shi, kuma shi da kansa ya yi ƙorafin cewa likitocin zamaninsa sun taƙaita ga magunguna da ƙaho da tsarin abinci, sun bar zuciya ba mai kula da ita.

Hujjarsa mai sauƙin ganewa ce. Ɗan Adam jiki ne da rai, kuma su biyun a sarƙe suke kamar zaren saƙa. Idan zazzaɓi ko ciwon kai ya kama mutum, fahimtarsa takan dushe, ya kasa koyo, ya kasa yanke shawara. Idan kuma damuwa ta mamaye shi, abinci ba ya masa daɗi, barci ya ƙaurace masa, kuma idan abin ya daɗe jikin da kansa yakan kamu da cuta. Ya ƙara da wata lura: mutum yana iya shafe shekaru bai kwanta ciwo ba, amma da wuya yini ya wuce bai ji wani abu na ɓacin rai ko tsoro ko baƙin ciki ba. Tunda cutar zuciya ta fi yawan ziyara, buƙatar sanin maganinta ta fi matsawa. A ganinsa damuwa ce tushen dukkan waɗannan cututtuka, kamar yadda farin ciki yake tushen lafiyar rai.

Daga nan ya fitar da dabarar da ta ratsa littafin gaba ɗaya. Mai hankali yakan ajiye magani a gida tun yana da lafiya, domin ranar da ciwo zai zo babu likita a kusa. Haka ya kamata ya tanadi tunani masu kyau a zuciyarsa tun hankalinsa yana kwance, ya riƙa bitarsu har su zauna, domin ranar da masifa ta auku ba lokacin koyon haƙuri ba ce. Ya kuma ba da shawarar mutum ya riƙa horar da kansa da jure ƙananan abubuwan ban haushi, domin wanda ya saba da ƙarami zai iya ɗaukar babba. Tare da wannan magani na ciki akwai na waje, wato nasihar wani amintacce. Dalilinsa shi ne wanda motsin rai ya rufe ba ya ganin gabansa, kamar likitan da ya kwanta ciwo, dole ya nemi wani likitan.

Cututtuka huɗu

Ya fara da fushi, ya kuma nuna cewa masu mulki sun fi kowa fuskantar haɗarinsa, domin su ne ke da ikon aikata abin da fushin ya umurta. Ya bayyana yadda yake tafasa jini, ya sauya launin fuska, ya sa jiki rawa, har ya iya haddasa zazzaɓi. Shawararsa ga shugaba ita ce ya ajiye mutane masu hankali a kusa, ya ba su izini tun da wuri su tausasa shi idan ya hasala, su roƙa wa mai laifi sassauci. Shi kuma shugaban ya tuna nadamar da ke biyo bayan hukuncin gaggawa, ya tuna hidimar da mai laifin ya taɓa yi, ya kuma nisanci ganinsa har wutar ta lafa. Ya yi nuni da cewa tsanani yana samar da biyayyar fuska da ƙiyayyar zuciya, afuwa kuwa tana samar da biyayyar da ta fito daga ciki. A wannan babi aikin hadimin shugaba ya zama wani ɓangare na kiwon lafiyar shugaban da ta waɗanda ke ƙarƙashinsa.

Sai tsoro da firgici. Ya lura cewa yawancin abin da mutane ke tsoro ba ya aukuwa, wanda ya auku kuma sau da yawa bai kai yadda aka zata ba. Ya ba da misalin mutumin da bai taɓa ganin hazo mai kauri ba: daga nesa zai ɗauka bango ne, idan ya shiga sai ya tarar iska ce yake shaƙa. Maganin tsoro a wurinsa sani ne da sabo. Likitan da ya saba ganin rauni ba ya kau da kai, matuƙin jirgin ruwa ba ya razana da igiyar da ke tayar da hankalin baƙo, dokin da ke zabura idan ya ga wani abu kuma ana kusantar da shi ne sannu a hankali har ya daina.

A kan baƙin ciki ne ya yi rarrabewar da ta fi jan hankalin masana na baya. Ya kwatanta ruɗewar farkon rashi da wuta mai ci, baƙin cikin da ke biyo baya kuma da garwashin da ya rage. Sannan ya raba shi biyu. Akwai wanda aka san dalilinsa, kamar mutuwar masoyi ko asarar dukiya ko rasa muƙami. Wannan ana maganinsa da nasiha da tunani: mutum ya auna abin da ya rasa da lafiyarsa da yake shirin rasawa, ya tuna cewa haka duniya take ga kowa, ya dubi abin da ya rage masa, ya kuma san cewa zafin yana raguwa da wucewar kwanaki. Akwai kuma wanda ke saukar wa mutum haka kawai, ya hana shi walwala da kuzari, ba tare da wani abu ya faru ba. Wannan, in ji shi, asalinsa daga jiki yake, don haka sai an haɗa da jinyar jiki, tare da hira mai daɗi da abin da ke faranta rai. Bai ɗora wa mai irin wannan hali laifin ƙarancin haƙuri ba, ya ɗauke shi a matsayin majinyaci.

Na huɗu shi ne waswasi, zancen zuci da ke maimaita kansa, yana raya wa mutum cewa wata cuta ko mutuwa tana dab da shi, har ya kasa aiki ya kasa jin daɗin komai. Ya ce a guji kaɗaici da zaman banza, domin zuciyar da ba ta da abin yi kanta take ci. A nemi aboki na gaskiya da za a riƙa faɗa wa abin da ke cikin rai, shi kuma ya riƙa warware shi da hujja. Ya tunatar da mai waswasi cewa jiki an gina shi da ƙarfin kare kansa, kuma waɗanda ke warkewa daga ciwo sun fi waɗanda ke mutuwa yawa nesa ba kusa ba.

Abin da zamani ya riƙe da abin da ya ajiye

Abu Zaid ɗan zamaninsa ne. Ya gina bayaninsa na jiki a kan ra'ayin likitocin Girka cewa lafiya tana rataye da daidaiton ruwaye huɗu, wato jini da majina da ruwan maɗaciya rawaya da baƙi. Likitanci ya daɗe da barin wannan ra'ayi. Amma abin da ya gani da idonsa game da sarƙuwar jiki da rai ya tsaya da ƙafarsa.

A lokacin Yaƙin Duniya na Biyu wani likitan sojan Amurka, Henry Beecher, ya tambayi sojoji sama da 200 da suka ji munanan raunuka a fagen daga na Italiya. A rahoton da ya buga a 1946 ya nuna cewa kusan kashi uku cikin huɗu ba su nemi maganin kashe zafi ba. Bayaninsa shi ne raunin ya zame musu hanyar tsira daga bakin mutuwa, kuma ma'anar da mutum ya ba ciwo tana sauya yadda yake jin sa. A 1965 Ronald Melzack da Patrick Wall suka gabatar da nazarin da ke cewa akwai wata irin ƙofa a cikin laka da ke rage ko ƙara saƙon zafi kafin ya isa ƙwaƙwalwa, kuma saƙonnin da ke saukowa daga ƙwaƙwalwar suna taɓa wannan ƙofa. A 1979 ƙungiyar masana ciwo ta duniya ta fassara zafi da cewa abu ne da ake ji a jiki da kuma a rai. A ɓangaren damuwa kuma, Aaron Beck ya kafa hanyar jinya ta gyara tunani a shekarun 1960, wadda ta yi kama ƙwarai da abin da dattijon Balkh ya tsara.

Shi littafin sai a 1984 ya fito fili, lokacin da Fuat Sezgin ya buga hoton rubutun hannun a Frankfurt. A 2005 Mahmud Misri ya fitar da tataccen bugu a Alƙahira, a 2013 kuma masanin halayyar ɗan Adam ɗan ƙasar Sudan, Malik Badri, ya fassara kashin da ya shafi rai zuwa Ingilishi.

Komawa Shamistiyan

Bayan faɗuwar gwamna, Abu Zaid ya koma gonar da ya saya a ƙauyensu. Aikinsa na taswira, wanda ya raba ƙasashen Musulmi zuwa yankuna 20 ya zana kowanne, shi ne harsashin da al-Istakhri da Ibn Hauƙal suka ɗora nasu gini a kai, har masana suke kiran wannan salo makarantar Balkhi. Cikin ɗalibansa akwai Abul Hasan al-Amiri, wanda ya zama babban masanin falsafa a Khurasan.

Shi ma bai tsira daga raunin jiki da na zuciya ba. Babban likitan nan Abubakar al-Razi ya rubuta risala ta musamman a kan murar da ke kama Abu Zaid duk lokacin da furen wardi ya buɗe, kuma ana lissafa ta cikin bayanai na farko a kan irin wannan mura. Al-Muƙaddasi kuma ya ruwaito cewa sarkin Samaniyawa ya gayyace shi Bukhara. Ya kama hanya har bakin kogin Jaihun, wanda ake kira Amu Darya a yau. Da ya ga faɗinsa ya ji rurinsa, sai ya aika wa sarki cewa idan don kyakkyawar shawararsa aka kira shi, to shawarar ta hana shi haye wannan ruwa. Sarki ya yi mamakin amsar, ya bar shi ya koma gida. Wasu suna ganin tsoron ruwa ne ya rinjayi marubucin babin tsoro, wasu kuma suna ganin wanda ya taɓa ganin ƙarshen fada ɗaya ya samu hanyar ladabi ta kauce wa ta biyu.

Ya ci gaba da zama a gonarsa tsakanin littattafai da ɗalibai har ajali ya riske shi yana da kimanin shekara 85. Daga cikin tarin abin da ya rubuta, littafin kiwon jiki da rai ne ya iso hannun mutanen yau a cike, da babinsa 22. Nasihar da ke cikinsa ta fi dacewa da mutanen da ke aiki a inuwar wani, waɗanda natsuwarsu take rataye da fuskar maigida da sauyin muƙami: su duba lafiyar jikinsu idan zuciya ta yi nauyi, su duba zuciyarsu idan jiki ya ƙi daɗi, su kuma tanadi maganin duka biyun tun ranar da ba su buƙace shi ba.